Dala Ɗaya a Kan Tabarma

Daren Laraba na rufe littafin majema,
fitila na gyangyaɗi, ni ma haka,
sai jimilla ta tsaya a ƙasan shafi:
720720.
Dubu ɗari bakwai da ashirin,
da ɗari bakwai da ashirin kuma,
kamar mai sallama sau biyu a ƙofa ɗaya.

Na san fuskar nan.
Mushe Kyari ne ya fara nuna mana ita
a lakwal ɗin Birni, shekarar da rufin ajinmu ya yoye.
Ya rubuta da guntun alli, ya kakkaɓe hannu a wando,
ya ce, "Ga mai haƙurin lambobi.
Ku je mata ku biyu, ta raba ku lafiya,
ku je ku bakwai, ku tara, ku sha uku,
har sha shida ba ta san saura ba.
Duk ƙasa da ita babu mai wannan hali."

Cika ce, ba mara ba.
In ka feɗe ta yadda muke feɗe akuya
ƙasusuwa shida za ka tarar:
biyu sau huɗu, uku sau biyu,
sai biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku,
masu taurin kan da ba sa rabuwa
sai ga ɗaya, sai ga kansu.
Daga gagararru aka gina mai sauƙin kai.
Ƙofofinta ɗari biyu da arba'in,
Mushe ya sa muka ƙirga su har azahar ta wuce.
Tara masu raba ta, ka cire ita kanta,
sun ninka ta uku da rabi har da ɗoriya.
Shi ya sa ya ce mata mai yalwa,
gidan da 'ya'ya suka fi uwa dukiya.

To, mu sha shida ne a ƙungiya.
Kuɗin fatun da suka tafi Agadas ne,
da na jakunkunan da Kasuwar Dole ta sha.
Kowa dubu arba'in da biyar da arba'in da biyar,
ba kukan wani, ba hararar wani.
Na kwanta ina yi wa lissafi godiya.

Da safe, gindin dutsen da muke shanya,
warin bagaruwa na tashi daga kwatarniya,
Lawali ya yi gyaran murya.
"Cima fa?" in ji shi.
Cima da ke turo mana kurar ruwa
tun famfo bai yi tari ba,
wata uku a garin da jarka ke kwana a layi.
Wace fata ta jemu ba da gumin ta ba?
Sunanta dai ba ya cikin littafi.

Shiru. Kuda ma aka ji shi.
Illo ya ce, "Sa ta."

Sha bakwai.
Na san ƙofar da ba ta cikin ɗari biyu da arba'in.
Na ja bik, na raba, na sake rabawa:
dubu arba'in da biyu, ɗari uku da casa'in da biyar,
saura biyar.
Biyar tak. Dala ɗaya.

Aka zube rabo sha bakwai a tabarma,
Cima ta ƙulle nata a bakin zane, ba ta ƙirga ba,
ta ce jarkokinta na jira.
Dalar ta zauna tsakiya, rana na dukan ta.
Ba ta sayen ƙwayar ashana yanzu,
kowa ya kau da ido.

Ni na ɗauka.
Tana cikin gwangwanin da nake ajiye bik.
Mushe, ka ce ba ta san saura ba,
gaskiya ka faɗa, har sha shida.
Ranar da muka cika mutane
sai da ta bar mana wani abu a hannu.